Ranar Larry Itliong: Yadda Kalifoniya ta tuna da 'yan Filifin ɗin da suka fara yajin aikin gonakin inabi

A kowace ranar 25 ga Oktoba, gwamnan jihar Kalifoniya da ke Amurka yakan fitar da takardar shela mai ayyana ranar a matsayin Ranar Larry Itliong. Doka ce ta ɗora masa yin hakan, tun daga shekarar 2015 da Gwamna Jerry Brown ya sanya mata hannu. Wanda ake tunawa ɗin jagoran 'yan ƙwadago ne ɗan asalin ƙasar Filifin, wanda karatunsa bai wuce aji shida na firamare ba, ya kuma rasu a 1977 ba tare da akasarin Amurkawa sun taɓa jin sunansa ba.

Sunan mutum ɗaya aka sa wa ranar, amma 'yan Filifin mazauna Amurka sun ɗauke ta a matsayin tasu baki ɗaya. Dalili kuwa shi ne tana gyara wani labari da aka shafe kusan shekara 50 ana bayarwa a gurguje. Yajin aikin gonakin inabi na garin Delano na 1965, wanda ake koyarwa a makarantu a matsayin gwagwarmayar Cesar Chavez da ma'aikata 'yan asalin Meziko, 'yan Filifin ne suka fara shi, kuma Itliong ne ya ja ragamarsu.

Abin da dokar ta tanada

Ɗan majalisar dokokin jihar Rob Bonta ne ya gabatar da ƙudirin, mai lamba AB 7. Abubuwa biyu ya ƙunsa: gwamna ya riƙa shelanta ranar duk shekara, sannan a sanya ta cikin ranaku masu muhimmanci na musamman ga makarantun gwamnati, inda ake ƙarfafa wa malamai gwiwa su shirya darussa da taruka a kan rayuwar Itliong da gudunmawarsa. An zaɓi 25 ga Oktoba ne saboda ita ce ranar haihuwarsa.

Ranar ba hutu ba ce. Ofisoshi da makarantu suna buɗe, kuma makarantar da ta ƙi yin komai ba ta karya doka ba. A nan ne ake ganin bambancin matsayi, domin a shekarar 2000 jihar ta mayar da ranar haihuwar Chavez, 31 ga Maris, hutu ga ma'aikatan gwamnatinta. Mutum biyu da suka jagoranci ƙungiya ɗaya a yajin aiki ɗaya, an ba ɗaya hutu, bayan shekara 15 aka ba ɗayan takardar shela.

Mutanen da ake kira "manong"

Kafin a fahimci abin da ya sa ranar ke da nauyi a wurin masu ita, sai an koma 1898. A wannan shekara Sifaniya ta miƙa wa Amurka tsibiran Filifin a yarjejeniyar birnin Faris, aka biya ta dala miliyan 20. 'Yan Filifin da suka riga suka shelanta 'yancin kansu suka ɗauki makami, aka yi yaƙi daga 1899 zuwa 1902, Amurka ta yi galaba. Mulkin mallakan ya bar su cikin wani matsayi mai rikitarwa: suna ƙarƙashin tutar Amurka, suna iya shiga ƙasar ba tare da shamaki ba, amma ba 'yan ƙasa ba ne, ba su da ƙuri'a.

Masu manyan gonaki sun ga riba a wannan matsayi. Dokoki sun riga sun rufe ƙofa ga 'yan ƙwadagon Sin tun 1882, dokar shige da fice ta 1924 kuma ta rufe wa na Japan, sai ya zamana 'yan Filifin ne kaɗai 'yan Asiya da za a iya kwasowa ba tare da cikas ba. Tun 1906 aka fara kai su gonakin rake na tsibiran Hawai. Daga shekarun 1920 kuma suka riƙa kwarara zuwa gaɓar yammacin Amurka, akasarinsu samari daga yankin Ilokos da ke arewacin tsibirin Luzon. Suna bin damina da kaka kamar 'yan ci-rani: latas a kwarin Salinas, inabi a kwarin San Joaquin, da bazara kuma su haura Alaska aikin kifin gwangwani. Ƙidayar 1930 ta nuna akwai 'yan Filifin kusan 45,000 a babban yankin Amurka, wajen 30,000 daga ciki a Kalifoniya. Su ne ake kira "manong", kalmar girmamawa a harshen Ilokano mai nufin yaya ko wa.

Maza sun ninka mata fiye da sau goma, kuma doka ta toshe musu hanyar aure. A 1933 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta yanke hukunci a shari'ar Salvador Roldan cewa dokar da ta hana farar fata auren wasu jinsuna ba ta ambaci 'yan Filifin ba. Nan da nan majalisar jihar ta yi wa dokar kwaskwarima ta saka su a ciki, haramcin ya ci gaba har 1948 da kotun ƙolin jihar ta soke shi. Kafin nan, a Janairun 1930, gungun fararen fata sun shafe kwanaki suna farautar 'yan Filifin a garin Watsonville, suka harbe wani matashi mai suna Fermin Tobera, ɗan shekara 22.

Sai ga dokar Tydings-McDuffie ta 1934, wadda ta yi wa Filifin alkawarin 'yancin kai bayan shekara goma na riƙon ƙwarya. A fuska alheri ce, amma cikin masu goyon bayanta har da waɗanda babban burinsu a daina shigo da 'yan Filifin. Dokar ta mayar da su baƙi, ta kuma ƙayyade mutum 50 kacal ne za su riƙa shiga Amurka a shekara. Waɗanda ke ciki suka maƙale, ba mata, ba 'ya'ya, ba gonar kansu. Samarin da suka sauka daga jirgi a shekarun 1920 su ne dattawan da har 1965 ke sunkuye a ƙarƙashin kurangar inabi, da yawansu sun haura shekara 50 ko 60.

Mai yatsu bakwai

An haifi Larry Dulay Itliong a 1913 a garin San Nicolas na lardin Pangasinan. Ya isa Amurka a 1929 yana matashi, da burin karatun lauya, wanda talauci bai bar shi ya yi ba. A 1930 ya shiga yajin aikinsa na farko tare da masu tsinkar latas a jihar Washington. A Alaska ya rasa yatsu uku a wani haɗari, abokan aikinsa suka laƙaba masa suna mai ma'anar "mai yatsu bakwai". Ya taimaka wajen kafa ƙungiyar ma'aikatan kifin gwangwani, ya shiga babban yajin aikin gona na Stockton a 1948, ya kuma kafa ƙungiyar ma'aikatan gona 'yan Filifin a birnin a 1956. Daga baya ya zama jami'in AWOC, kwamitin da babbar ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO ta kafa a 1959 don haɗa kan ma'aikatan gona.

Aikin yana da wuya fiye da na kowace ƙungiyar ƙwadago ta birni. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935, wadda ta ba ma'aikatan masana'antu 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da masu kamfani, ta tsame ma'aikatan gona gaba ɗaya. Mai gona yana iya korar duk wanda ya shiga ƙungiya ba tare da fargabar kotu ba. Sannan akwai tsohuwar dabarar raba kan ma'aikata: sansanin kwana daban ga kowace ƙabila, albashi daban, idan 'yan Filifin suka ajiye aiki a kawo 'yan Meziko, idan 'yan Meziko suka ajiye a kawo 'yan Filifin.

Delano, Satumba 1965

A watan Mayun 1965, 'yan AWOC sun yi gajeren yajin aiki a kwarin Coachella da ke kudancin jihar, suka samu dala 1.40 a awa. Da kakar inabi ta matsa arewa zuwa Delano, masu gonaki suka ƙi biyan wannan farashi. Ma'aikatan suka taru a zauren taron al'ummar Filifin na garin suka kaɗa ƙuri'a, kuma a ranar 8 ga Satumba sama da mutum 1,000 suka fice daga gonaki. Buƙatarsu dala 1.40 a awa da senti 25 a kan kowane akwatin inabi.

Kasadar da suka yi ba ƙarama ba ce. Yawancinsu a sansanonin masu gonakin suke kwana, don haka ajiye aiki daidai yake da rasa makwanci. Aka yanke musu ruwa da wuta, aka fitar da kayansu waje, aka fara ɗauko 'yan Meziko su maye gurbinsu.

A nan ne Itliong ya yi abin da ya sauya tarihin. Ya nufi Cesar Chavez da Dolores Huerta, shugabannin NFWA, ƙungiyar da akasarin mambobinta 'yan asalin Meziko ne, ya nemi su shigo. Chavez yana ganin ƙungiyarsa, wadda aka kafa a 1962, tana buƙatar ƙarin shekaru kafin ta iya ɗaukar yajin aiki, kuma asusunta kusan babu komai. Hujjar Itliong, kamar yadda masana tarihi suka ruwaito, mai sauƙi ce: wanda ya karya yajin aikin wani yau, gobe za a karya nasa. Ranar 16 ga Satumba, ranar bikin 'yancin Meziko, mambobin NFWA suka kaɗa ƙuri'ar shiga. Zauren 'yan Filifin ya zama ɗakin girkin masu yajin aiki, ƙabilun biyu suna ci a tebur ɗaya, abin da masu gonaki suka daɗe suna hana faruwarsa.

A Maris na 1966 aka yi tattakin kimanin mil 300 daga Delano zuwa Sacramento, babban birnin jihar. A Agustan shekarar ƙungiyoyin biyu suka narke suka zama ɗaya, wadda daga baya ta shahara da sunan UFW, Chavez a matsayin darakta, Itliong mataimakinsa. Makamin da ya karya lagon masu gonaki shi ne ƙaurace wa sayen inabi, wanda ya bazu a biranen Amurka da Kanada har miliyoyin mutane suka daina saye. Ranar 29 ga Yulin 1970, bayan kusan shekara biyar, manyan masu gonakin inabi na Delano suka sa hannu a yarjejeniya: dala 1.80 a awa, gudunmawa ga asusun kula da lafiya, da ƙa'idoji kan feshin maganin ƙwari. A 1975 Kalifoniya ta kafa dokar da ta ba ma'aikatan gona 'yancin zaɓen ƙungiya ta ƙuri'ar sirri, kuma Jerry Brown ɗin nan ne ya sa mata hannu a zamanin mulkinsa na farko.

Yadda sunan ya ɓace

Nasarar ba ta yi wa 'yan Filifin daɗi yadda suka zata ba. Sun zama 'yan tsiraru a ƙungiyar da suka taimaka aka haifa. Tutoci da waƙoƙi da alamomin addinin da aka riƙa ɗagawa a tattaki na al'adar Meziko ne, 'yan jarida kuma Chavez suke nema, musamman bayan azumin kwana 25 da ya yi a 1968. Sabon tsarin rabon aiki ta ofishin ƙungiya ya fi amfanar mazauna gari, ya cutar da dattawan da ke yawo daga gona zuwa gona tare da shugabannin ayarinsu na shekaru. Itliong ya yi murabus a 1971. Philip Vera Cruz, wanda ya daɗe yana mataimakin shugaban ƙungiyar, ya bi sahu a 1977, bayan Chavez ya kai ziyara Filifin bisa gayyatar gwamnatin Ferdinand Marcos, a lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin dokar soja.

Akwai wani dalilin kuma da ya fito daga cikin gida. Manong da yawa sun mutu ba su bar 'ya'yan da za su riƙe labarinsu ba. Ƙasa da wata ɗaya bayan fara yajin aikin, a ranar 3 ga Oktoban 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a sabuwar dokar shige da fice da ta buɗe ƙofa ga 'yan Asiya. Waɗanda suka shigo ta wannan ƙofa likitoci ne da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, waɗanda ba su san gonar inabi ba, wasunsu ma ba sa son a haɗa su da tarihin leburanci. Ko unguwannin da za su iya ba da shaida ba su tsira ba: babbar hanyar mota da aka shimfiɗa a Stockton ta cinye yawancin unguwar da ake kira Ƙaramar Manila.

Itliong ya rasu ranar 8 ga Fabrairun 1977 a Delano, yana da shekara 63.

Daga ɗakin ajiyar takardu zuwa majalisa

Malaman tarihi da 'yan sa-kai ne suka fara tono labarin. A 1982 Dorothy Laigo Cordova da mijinta Fred Cordova suka kafa ƙungiyar tarihin Amurkawa 'yan asalin Filifin, FANHS, a birnin Seattle. Ita ce ta ware Oktoba a matsayin watan tarihin al'ummar, aka fara bikin a 1992, majalisun tarayyar Amurka kuma suka amince da shi ta ƙudurori a 2009. An zaɓi Oktoba ne saboda a ranar 18 ga watan, a 1587, wani jirgin ruwan Sifaniya ƙarƙashin Pedro de Unamuno ya tsaya a yankin da ake kira Morro Bay a yau, da matuƙa 'yan Luzon a cikinsa. Wannan ne zuwan 'yan Filifin na farko da aka rubuta a ƙasar da ta zama Amurka, shekara 33 kafin Turawan jirgin Mayflower su sauka. Ƙungiyar ta dage a kira shi watan tarihi, domin kada a taƙaita shi ga raye-raye da girke-girke.

Birnin Carson ne ya fara ayyana Ranar Larry Itliong a 2010. Amma matakin jiha sai da aka samu kujera a majalisa. Rob Bonta, wanda aka haifa a birnin Quezon, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a hedikwatar UFW inda iyayensa ke aiki. A 2012 ya zama ɗan asalin Filifin na farko da aka zaɓa a majalisar dokokin Kalifoniya, abin mamaki ga jihar da ta fi kowace yawan 'yan Filifin. A 2013 ya samu aka zartar da dokar AB 123, mai neman a saka rawar 'yan Filifin a gwagwarmayar ma'aikatan gona cikin manhajar makarantu. Bayan shekara biyu Ranar Itliong ta biyo baya. A 2021 Bonta ya zama Antoni Janar na jihar.

Wasu abubuwa sun ƙara wa batun zafi a tsakanin. Fim ɗin da Diego Luna ya shirya kan Chavez a 2014 ya sha suka daga 'yan Filifin saboda yadda ya mayar da Itliong ɗan rakiya. A shekarar ce kuma Marissa Aroy ta fitar da fim ɗin gaskiya mai suna Delano Manongs. A Union City, bayan zazzafar muhawara, aka sauya wa wata makarantar sakandare suna zuwa Itliong-Vera Cruz. Masaniyar tarihi Dawn Mabalon, 'yar Stockton, ta rubuta littafin yara kan rayuwar Itliong tare da Gayle Romasanta, ya fito a 2018, shekarar da ita ma ta rasu.

Ƙidayar 2020 ta nuna akwai kimanin mutum miliyan 4.4 masu asalin Filifin a Amurka, fiye da miliyan 1.5 a Kalifoniya kaɗai. Ɗan siyasa ba ya raina ƙuri'u masu wannan yawa, kuma ba laifi a ce lissafin zaɓe yana cikin abin da ya sa gwamnoni suka fara tuna manong.

Sauran ranaku

A 2015 jihar Hawai ta ware 20 ga Disamba a matsayin Ranar Sakada, don tunawa da 'yan ƙwadago 15 na farko da suka isa gonakin rake a 1906. A Kanada, majalisar wakilai ta amince a 2018 da ƙudurin Salma Zahid na mayar da Yuni watan al'adun Filifin, saboda 12 ga Yuni ce ranar 'yancin ƙasar.

Ita kanta wannan rana sai da aka yi gyara kafin ta tabbata. Amurka ta miƙa mulki ne ranar 4 ga Yulin 1946, ranar da ta yi daidai da bikin 'yancinta, kuma a kan ta Filifin ta yi shekaru tana biki. A 1962 Shugaba Diosdado Macapagal ya mayar da bikin 12 ga Yuni, ranar da Emilio Aguinaldo ya shelanta 'yanci a Kawit a 1898, don nuna cewa ba kyauta aka ba su ba. Masu bin siyasar Nijeriya sun san irin wannan, tunda a 2018 aka ɗauke Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni.

Bashin da shela ba ta biya

Masu sukar irin waɗannan ranaku suna cewa ba su cin gwamnati ko sisi, shi ya sa ake saurin bayar da su. Tarihin 'yan Filifin ya ba su abin kafa hujja. Sama da sojojin Filifin 250,000 ne suka yi yaƙin duniya na biyu ƙarƙashin kwamandojin Amurka, bisa alkawarin samun haƙƙoƙin tsofaffin sojoji. A 1946 majalisar Amurka ta soke alkawarin ga akasarinsu. Sai a 2009 aka ware kuɗin sallama na lokaci ɗaya, dala 15,000 ga wanda ya zama ɗan Amurka, dala 9,000 ga wanda bai zama ba, lokacin da mafi yawansu sun riga sun kwanta dama. Lambar zinare ta majalisa da aka karrama su da ita, an miƙa ta ne ranar 25 ga Oktoban 2017.

A gonaki ma haka. Sai a 2016 Kalifoniya ta zartar da dokar da ta ba ma'aikatan gona kuɗin ƙarin lokaci bayan awa takwas a rana kamar sauran ma'aikata, ita ma a hankali aka riƙa aiwatar da ita cikin shekaru. Dokar tarayya ta 1935 kuwa har yanzu ba ta haɗa da su ba.

Masu kare ranar ba su musanta wannan. Abin da suke cewa shi ne ranar da dokar manhaja tafiya ɗaya suke yi, kuma yaron da ya ji a aji cewa dattawan da ba su da ƙuri'a ba su da gida ne suka fara ajiye almakashin yankan inabi, ya samu wani abu da iyayensa ba su samu ba. Abin da ya rage shi ne ko malami zai buɗe darasin, tunda dokar ranar ba ta tilasta masa.

A wajen garin Delano, a filin da ƙungiyar ta yi hedikwatarta ta farko, akwai rukunin ɗakuna kusan 60 da 'yan sa-kai suka gina a farkon shekarun 1970 domin manong da suka tsufa ba su da inda za su. An sa masa sunan Paulo Agbayani, ɗan Filifin da bugun zuciya ya kashe a 1967 yana tsaye a bakin gona tare da masu yajin aiki. A 2008 gwamnatin tarayya ta sanya filin, har da ɗakunan, cikin wuraren tarihi na ƙasa.